Ba Ke Kika Yi Wa'adin Ba, Asabe

Zuwa ga 'yata Asabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ina fata kin sauka Gusau lafiya, mota ba ta jijjiga ki da yawa ba, sistoci kuma sun karɓe ki hannu bibbiyu. Innarki tana gaishe ki. Yayanki Iliya da ƙanenki Markus suna gaishe ki. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Maryamu uwar Ubangijinmu ta rufe ki da mayafinta, mala'ikan da aka ba ki tun ranar haihuwa kada ya yi gyangyaɗi a kanki.

Na san kin tsaya a layin farko kin sake dubawa. I, Asabe na rubuta, ba kuskuren alƙalami ba ne. Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, za mu zo wurin.

Kwana uku na yi ina rubuta takardar nan a rumfar ƙofar ruwa, da rana, lokacin da manoma suka tafi cin abinci, ba kowa sai ni da balbelu. Innarki ce za ta sa miki ita a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, don na san kaina. Idan na ce zan faɗa miki a tashar Mafara, a ranar kasuwa, cikin hayaniyar 'yan kamasho, abin da zai fito daga bakina bai wuce "Allah ya kiyaye hanya" ba. Maganar kuwa ita ce: ban sani ba ko ke ce kika tafi gidan sistoci da ƙafarki, ko bakina ne ya kai ki. An ce mini za ki daɗe ana duba ki kina duba kanki kafin a ba ki lulluɓi, sannan wasu shekaru kafin ki yi wa'adin da ba a warwarewa. To, kafin ki durƙusa ki yi naki, ya kamata ki ji yadda nawa ya kasance.

Kin san ubanki da son waliyyai. Tun a ƙauyenmu, katekis ɗin da ya koya mana addini yana da wani littafi mai hotuna, bangonsa ya tafi, ni kuwa nakan manta da awaki in zauna ina kallo. Da aikin dam ya kawo mu nan, kina goye, sai na faɗa hannun wani tsohon magini cikin Turawan Italiya da suka zo ginin. Mukan ce masa Baba Siminti, domin ko girarsa ba ta rabuwa da shi. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa, amma ranar da ya ga na yi alamar gicciye kafin in buɗe ƙunshin abincina, sai ya ciro wani kati daga aljihu ya miƙo mini. Daga nan duk Lahadin da Fada ya zo daga Gusau aka yi addu'ar Misa a rumfar kwano, sai ya ƙara mini ɗaya. Wani waliyyi da tsuntsaye a kafaɗa, wani da tsintsiya, wata da furanni a hannu. Fada ne yake gaya mini labarinsu bayan Misa, ni kuma in kwashe in tafi da su bakin aiki.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ban ɗauke su mutanen kati ba. Da aka gama gini aka ba ni tsaron ƙofar ruwa a ƙaramin kanal na wajen Bakura, sai na samu wuni guda ina zaune ina kallon ruwa yana wucewa. Idan rana ta take, hasken ya fara rawa a kan ruwan, nakan gan su suna tafe a kan gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ba sa sauri, rigunansu ba sa ɗaukar laka. Wani lokaci har nakan matsa a kan benci in ba su wuri. Ba hauka ba ne, kada ki ji tsoro. Daɗi ne, kuma har yau ban daina ba. Matsalar ita ce ban tsaya ga son su ba, so na yi in zama ɗaya daga cikinsu, da wuri, kuma a gani.

Wanda ya fara jefa ni cikin ruwa shi ne Waliyyi Isidoro, manomi. Ko in ce ni na jefa kaina na laƙa masa. Labarinsa shi ne ɗan ƙodago ne a gonar wani mai arziki, kullum sai ya je Misa kafin ya kama aiki. Aka kai ƙararsa, maigidan ya zo dubawa, sai ya tarar da mala'iku suna huɗa a madadinsa. Ranar da na ji labarin nan ko abinci ban iya ci ba don daɗi.

Aikina kin san shi: kowane manomi da lokacinsa, in buɗe masa, in ya sha in rufe, in buɗe wa na gaba. Wata safiya cikin sanyi, ranar idin Maryamu, wani direba ya gaya mini Fada ya zo sansanin ma'aikata zai yi Misa, ga shi ba Lahadi ba. A lokacin na riga na buɗe wa maƙwabcinmu Malam Ummaru ruwa a kan albasar da ya dasa kwana huɗu da suka wuce, shi kuma ya tafi jana'iza cikin gari ya bar mini amana. Na dubi ƙofa, na dubi keke. Sai na ciro katin Isidoro na soke shi a jikin ƙarfen ƙofar, na ce masa, da bakina, a fili: "Kai ma manomi ne, ka san lokacin da ta ƙoshi." Na hau keke na tafi ina waƙa.

Misa ta yi daɗi ƙwarai. Da na dawo, kunyoyin Malam Ummaru babu su. Ruwa ne shimfiɗe, 'yan ganyen albasa suna yawo a kai. Shi kuma yana tsaye a ciki har ƙauri, ya naɗe wando, katina a hannunsa.

Ke kin san shi tsoho mai ba ki rake. Ba ki san cewa shi mutumin wajen Maradun ba ne, tafkin dam ya cinye garinsu da gonakinsu da kaburburan iyayensa, ɗan filin nan kuwa shi ne abin da ya samu a madadi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yakubu, ina kat tahi?"

Na gaya masa. Har labarin mala'ikun na ba shi, don wauta ba ta da birki idan ta kama gangara.

Ya juya katin ya dubi bayansa, ya sake duban gaba. Ya ce, "To, mala'ikun nan ba su zo ba, ko sun zo sunka iske ba su san kan ƙohwar ba?" Sannan ya ce, "Ni ma ina salla, maƙwabci. Amma sai na datse ruwa kahin in kabbara. Ruwan ga ya ci gidana, yau kuma ka nuna mai hanyar gonata."

Ya miƙo mini katin da hannu biyu, kamar abin da ya san yana da daraja a wurina. Wannan ya fi mini zafi a kan mari.

Da na je ikirarin zunubi, Fada ya yi ta tari a bayan labule, sai daga baya na gane dariya yake dannewa. Sannan ya tambaye ni abu biyu: gonar maigidan Isidoro ta kwana ba huɗa? Na ce a'a. Isidoro ne ya aika a kira mala'ikun? Na ce a'a. Ya ce in je in sake dasa albasar da hannuna. Na dasa, amma lokaci ya riga ya wuce, abin da aka cire bai taka kara ya karya ba. Don haka, 'yata, a gidan da kika je za a riƙa buga ƙararrawar addu'a sau da yawa a wuni, kuma za ki so ta. Amma idan an bar miki tukunya a wuta, ko majinyaci yana jiran ruwa, ki gama da su ko ki damƙa wa wani mai hannu da ƙafa, sannan ki tafi. Kada ki yi ibada da abin wani. Waliyyai suna roƙo dominmu, amma ban taɓa ganin sun rufe ƙofar ruwa ba.

Kina tsammani na yi hankali? Ko wata uku ba a yi ba, azumin kwana arba'in ya zo. Kunyar albasa tana cina, sai na ce bari in wanke kaina da babban abu. Na ji labarin Waliyyi Antoni da ya shiga hamada yana rayuwa a kan gurasa da gishiri. Ranar Laraba ta Toka na dawo da toka a goshi, na tara gida na yi shela: babu mai, babu nama, babu kifi, babu daddawa, har idin Ista. Ni kuma sau ɗaya zan ci a wuni. Ban tuna cewa Antoni shi kaɗai ya tafi hamadarsa ba, bai ja mace mai shayarwa da 'ya'ya uku ba. Markus yana nono a lokacin.

Kai, na wahalar da ku! Yunwa ta mai da ni kunama. In kun yi dariya in ce ba ku san lokacin da ake ciki ba, in kun yi kuka in ce kun hana ni addu'a. Da safe innarki takan leƙo ta ce, "Waliyyin gidan nan ya tashi, ko a jira?" Ni kuwa in haɗe rai, in ƙara gyara fuska don duk wanda ya gan ni a hanya ya san ana azumi. Na lura tana ramewa, har na ji daɗi a raina, wai ita ma ta kama hanya.

Ranar Ista da hantsi sai ga matar Malam Ummaru da kaza a hannu da ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mun gode, Allah shi saka. Tun da albasa tal lalace, kwanon gidanga bai yanke muna ba ko rana guda." Na ce wane kwano? Ta dubi innarki, innarki ta dubi ƙasa. Ashe tun watan sanyi, kullum sai ta raba nata tuwon biyu ta aika, ta katanga, ba wanda ya sani. Ni ina can ina buga ganga da yunwata, ita tana biyan ɓarnar da na yi da cikinta, tana kuma shayarwa. Da baƙuwar ta tafi na ce mata don me ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Maigida, kana fama da Allah, ina zan tsoma baki?"

Da wannan ba na nufin in ce miki kada ki yi azumi. Ki yi. Amma ki riƙa duba fuskokin waɗanda ke zaune da ke, a nan za ki san ko azumin na Allah ne ko na girman kai. In kin ga mutane suna taka ƙasa a hankali saboda tsarkinki, to wani abu ya lalace. Waliyyi Martin, baƙin nan mai tsintsiya da kike so tun kina ƙarama, shara ya yi da jinya har ya mutu, ba a ji ya sa kowa ramewa ba. Kuma idan kina neman waliyyai a gidan can, kada ki tsaya ga wadda ta fi daɗewa a durƙushe. Ki leƙa madafa. Ni shekara goma sha ina kwana ɗaki ɗaya da guda, ina neman su a kati.

Bayan shekaru, da muka zama aminai, Malam Ummaru ya ce in raka shi Maradun. Muka ɗauki wani masunci ya shiga da mu tafkin da sassafe. Hazo ne kwance a kan ruwa, ba ka ganin gaɓa, ba ka jin komai sai filafili. Can sai kawunan itatuwa suka fara fitowa, busassu, tsuntsaye a kai. Malam Ummaru ya ce a tsaya. Ya nuna ruwa da yatsa ya ce, "Nan masallaci. Nan rijiya. Nan ɗakin tsohuwata, ga turminta ƙofa." Ni ban ga komai ba sai fuskata da sama. Amma shi yana gani, har da wanda ke zaune a wace ƙofa, yana kiran sunayensu yana musu addu'a. Na ciro carbina na yi tawa a hankali. A cikin jirgin nan ne na fara gane abin da muke faɗa kullum a Misa, tarayyar tsarkaka. Suna nan kusa, ƙasa da tsawon gora, gari guda cike da mutane, idonmu ne kawai ba ya ratsawa. Ba 'yan aikenmu ba ne, ba kuma abokan ciniki ba. 'Yan'uwa ne da suka riga mu isa, suna jiranmu. Mun daɗe a wurin, masuncin bai ce mu yi sauri ba.

Na yi ta kewaye-kewaye, na sani. Tsoro ne. Ga babbar.

Kina shekara huɗu baƙon dauro ya shigo unguwar ma'aikata. Ya ɗauki yara, ba zan lissafa miki su ba. Ke kwana shida kina wuta, rana ta bakwai idonki ya juye. Na ɗaure ki a bayana da zanen innarki, na hau keke na nufi asibitin Mafara da tsakar rana. A rabin hanya, wajen tsamiyar nan da ke bakin kanal, sai na ji kanki ya faɗo a kafaɗata, hannuwanki sun saki. Na sauka, na kwantar da ke a inuwa, na yayyafa miki ruwa. Ba motsi. Na laluba aljihu, katin da ya fito shi ne na Waliyya Tereza ƙarama, mai furanni. Na ɗora miki a ƙirji na ce, "Ki roƙa mini. In ta tashi, taku ce. Za ta sa lulluɓi irin naki." Ban gama rufe baki ba kika yi atishawa.

Har gobe na gaskata Allah ne ya tashe ki, kuma ina gode masa. Ba a nan kuskuren yake ba. Mutumin da 'yarsa ke mutuwa a hannunsa zai faɗi komai, Allah kuma ya san haka. Kuskuren shi ne abin da na yi da maganar bayan kin warke. Na ba da labarin a coci, na ba da shi a kasuwa, na ba da shi a bakin ƙofar ruwa, har maƙwabtanmu Musulmi suka san ke 'yar bakance ce. Daga ranar na fara ce miki Sista. Da wasa aka fara, gida ya ɗauka, unguwa ta ɗauka, har malamanku na makaranta. Ke ba 'yar fari ba ce balle in ce kunya ce ta hana ni kiran sunanki. Kawai na ajiye shi ne, kamar na riga na san ba za ki daɗe da shi ba.

Kin tuna sandarki? Kina aji biyar kika samo gora kika yi mata tsaga-tsaga da wuƙar innarki, kika riƙa zuwa rumfata bayan makaranta kina tsoma ta a kanal kina auna ruwa. Ke kika fara gane cewa ruwan da ke isa gonakin ƙarshe ya ragu, kika bi gaɓa da ƙafa har kika samo inda ya fashe. Malamin gona da kansa ya zo ya ga yarinyar da ta riga ma'aikatansa. Bayan shekaru, kina hutu daga sakandare, muna zaune a bencin nan da nake rubutu a kai, kika ce, "Baba, ana ɗaukar mata a makarantar aikin gona. Ina so in san dalilin da ƙasa take yin gishiri in an daɗe ana ba ta ruwa." Na yi dariya. Na ce, "Wadda aka riga aka bayar?" Kika yi murmushi kika ce, "Haka ne, Baba." Kika jingine sandar a kusurwa, ba ki sake zuwa rumfar ba. Ni kuwa na koma gida ina yaba ladabinki.

Watan jiya, da takardar sistoci ta zo, na shiga ɗaki ina murna ina cewa wa'adi ya cika. Innarki tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, ka taɓa tambayarta?" Na ce tambayar me, ita da take zuwa Misa kullum, take koya wa yara katekisma? Ta ce, "Na ji. Ka taɓa tambayarta?" Na buɗe baki in kawo mata Hannatu ta Littafi Mai Tsarki da ta kai ɗanta Sama'ila haikali. Ta ce, "Albasar Malam Ummaru ma ai don Allah ka ba da ita."

Maganar nan ta hana ni sakat. Na ɗauko katin Tereza na zauna da shi a bakin ruwa, na sake bin labarinta daga farko, wannan karon ba don in ji daɗi ba. Sai na ga abin da na yi shekaru ina tsallakewa. Ita ce ta je wurin ubanta ta roƙa. Ita ta nace, aka ce ta yi ƙanƙanta, ta bi manya ɗaya bayan ɗaya tana roƙo. Uban nata, abin da ya yi shi ne ya saki, yana hawaye. Ni kuwa na juya labarin, na zama mai turawa. Na tuna Waliyya Monika kuma, da ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta Agustin. Ta yi addu'a har ta gaji, ta bi shi ƙasa da teku, amma ranar da ya juyo, da ƙafarsa ya juyo. Ko uwa irin wannan ba ta iya tuba a madadin ɗanta ba.

Na je wurin Fada, sabon nan, ɗan ƙasarmu. Na zayyana masa komai. Ya ce wa'adi ba ya ɗaure kowa sai wanda ya yi shi, kuma Ikilisiya ba ta karɓar wadda aka turo, ko da da murmushi aka turo ta. Na ce to ni fa, da na yi magana a gindin tsamiya? Ya ce wannan nawa ne, kuma yana da ikon ya musanya mini da abin da yake nawa. Yanzu duk Juma'a bayan na rufe ruwa, zan je asibitin Mafara in zauna da majinyatan da ba su da mai jinya, in ɗebo musu ruwa, in wanke musu kwano, har ranar da ƙafata ta daina hawa keke. Na fara makon jiya. Wani tsoho ya zage ni don na zubar masa da kunu, na dawo gida raina fes.

Saboda haka ki ji da kyau, ki karanta sau biyu in ya kama. Babu wa'adi a kanki. Ba ke kika yi shi ba, kina sume aka yi shi. Allah bai tashe ki don ciniki ba, ya tashe ki ne don yana son ki da rai. Ranki kyauta ne, ba jingina ba.

Ban ce ki dawo ba. Wannan ma zai zama turawa ce ta wata hanya, na kuwa gaji da tura ki. Mai yiwuwa ƙarƙashin duk surutuna akwai kira na gaskiya da ke kaɗai kika ji, ni na cika wurin da hayaniya har ban ba shi dama ba. In haka ne, ki zauna da farin ciki, ranar da za a sa miki lulluɓi ni zan fi kowa rawa, ko da gwiwa tana ƙara. Ki ba abin lokaci. Ki gaya wa babbar sista labarin nan duka, kada ki rage don ki rufa mini asiri. Ki zauna shiru gaban Sakramenti, ba sai kin ce komai ba, ki ga muryar wa ke saura idan tawa ta yi shiru. Ki lura da inda zuciyarki take samun sanyi, ba na awa guda ba, na makonni.

In kuma kika duba kika ga ni ne kawai a ciki, ki ɗauko akwatinki ki hau mota. Ba sai kin aiko ba, ba sai kin shirya bayani ba. Ki sauka a tasha ki taho gida, innarki ba za ta naɗe tabarmarki ba, ta ce sai ta ji daga bakinki. Maganar mutane kuma ki bar mini, ni na kunna ta, ni zan kashe. Na riga na fara. Na bi gida-gida a unguwa, na tsaya bayan Misa na faɗa a gaban jama'a. Da na gaya wa Malam Ummaru, sai ya ce, "Yau kam ka datse ruwa da kanka."

Ki ɗaga zanen ƙarshe a akwatin. Za ki ga katin Tereza, ya yi laushi, furannin sun kusa gogewa. Kusa da shi akwai sandarki. Ta fi akwatin tsawo, sai da na yanke ta biyu, ki gafarce ni, amma tsagar duka tana nan, kuma gora tana ɗauruwa. Ban ce ki zaɓa yau ba. Na dai ga ya kamata duka biyun su kasance a hannunki, ba a nawa ba.

Ki yafe mini, 'yata. Na so ki ƙwarai, amma na so labarin da nake bayarwa da ke har ya rufe mini ke.

Allah ya kiyaye shigarki da fitarki. Ya tsare ki daga ciwo, daga mugun baki, daga tsoron ɓata wa ubanki rai. Waliyyi Yusufu mijin Maryamu, mai tsaron gida, ya tsaya miki, Tereza da Monika da Martin su roƙa miki haske, Isidoro ma, in ya huce da ni. Duk hanyar da kika bi, Allah ya sa ƙafarki ce, ya kuma kai ki lafiya.

Shekara goma sha biyar ke nan ban kira ki ba. Jiya da rana, ba kowa a bakin kanal, na gwada shi da ƙarfi don in ji ko bakina ya manta. Bai manta ba.

Asabe. Asabe. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne ubanki,
Yakubu mai ƙofar ruwa